Tururi Ya Shiga Hayyin Ashir

Shekara ashirin da shida Malam Bukari yana bugun kaya a wani ɗan ɗaki na ƙasan bene a unguwar Hayyin Ashir. Karatu ya kawo shi Alƙahira daga Damagaram, karatun ya ƙi, gudumar katako ta karɓe shi. Duk ɗalibin da ya isa ya saka shadda ranar Juma'a, wajensa yake kaiwa. Sai bara wani Bamisire mai suna Munzir ya buɗe shagon guga a tsallaken titi, ya girka tukunyar tururi mai huci kamar tana fushi da kowa. Minti uku riga ta fito. Ɗalibai kuwa, Allah Ya shirye su, ba su da haƙurin kwana biyu.

Yanzu Hajja Samar, mai gidan, ta ce Munzir na son ɗakin don ya sa tukunya ta biyu.

"Ya Hajj, gungumenka ya fi wata biyu bai yi ƙara ba. In aiki bai dawo ba zuwa ƙarshen wata, khalas, shi ke nan, ka ba ni makulli."

'Yar Bukari, Zeinabu, tana karatun injiniya a Giza, kuma kamar da gayya, takardar da aka ba ta kan injunan tururi na farko ce. Tana zaune a bakin ƙofa tana ba shi labari yana kwaɓa sitaci.

"Baba, da fari ruwa kawai injin yake zuƙewa daga ramin kwal. Daga baya aka gyara shi ya iya juya ƙafa irin ta keke, sai aka ɗaura masa masaƙu. Inji ɗaya ya riƙa yin aikin unguwa guda."

Bukari ya ci gaba da kwaɓa sitacinsa. Ubansa masaƙi ne, kuma ya tuna shekarar da aka haɗa itacen masaƙarsa aka yi wa awaki shinge.

Ana nan sai ga Ustaz Harun, mai shirin munaƙasha, wato kare kundin digirinsa na uku, da farar shadda a leda. Bukari ya karɓa da hannu biyu. Ranar munaƙasha ɗalibai ɗari biyu ke cika zaure, kowa da wayarsa. In suka ga abin da hannu ke yi, ai za su dawo.

Ya jiƙa rigar da sitaci da ɗan ƙaro, ya shanya, ya ninke ta gida-gida, ya hau bugu tun hantsi har la'asar. Kafaɗarsa na zugi, bai kula ba. Da ya ɗaga ta, sheƙi har yana kashe ido, kari ya fito a miƙe, murabba'i kan murabba'i. A can gida Damagaram karin nan shi ne ado. Mutum yakan shiga taro da shi don a san rigar ta sha bugu.

Harun ya zo da safen Laraba, ya warware, ya ce masha Allah sau biyu. Sai ya shiga shafa layin da yatsa.

"Tamam, Baba. Allah Ya saka."

Bukari ya raka shi bakin ƙofa don ya ga tafiyar rigarsa. Harun ya waiga sau ɗaya, ya tsallaka titi, ya shige shagon Munzir.

Dattijon ya bi shi ba ko takalmi.

"Ustaz! Me za ka yi?"

Harun ya sunkuyar da kai. "Ma'alish, yi haƙuri, Baba. Dakatarorin da za su jarraba ni duk Misirawa ne. In suka ga layukan nan za su ce daga akwati na zaro ta, ko guga ban yi ba. Shekara biyar nake jiran yau."

Gaskiya mutumin ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ciwo. Munzir ma ba mugu ba ne, har kujera ya turo masa da ƙafa. Ya shimfiɗa rigar, ya taka fedar tukunyar, tururi ya tashi. Bukari na tsaye yana kallo karin farko ya kwanta, na biyu ya bi shi, sheƙin ya dushe. Aikin yini guda bai kai minti uku ba. Ga shi babu wanda zai kama da laifi.

Ya dawo ya zauna kan gungumen. Zeinabu ta ga komai daga ƙofa, ta rufe littafinta a hankali.

"Buɗe," ya ce. "Masaƙan nan na cikin littafinki, da injin ya zo, ina suka nufa?"

Ta buɗe, ta juya shafi, ta juya na gaba, ta koma baya ta sake dubawa.

"Bai faɗa ba, Baba. Daga nan sai ya shiga maganar jirgin ƙasa."