Mutumin da ke Cikin Ƙaton Ƙarfe

Gumi ya gangaro ya shiga idon Injiniya, ba shi kuma da hannun sharewa. Hannayensa na cuse cikin wasu dogayen bututun roba da aka shafa wa fenti ruwan azurfa. Awa huɗu ke nan yana tsaye a ƙofar gidan sinima, cikin rigar ƙaton mutum-mutumin da ake tallar fim ɗinsa, tsayinta ya kusa mutum biyu. Ta wata 'yar raga da ke ƙirjinta yake ganin duniya.

Ta baya ake ɗaure rigar da kusoshi takwas, sukudireban kuma na aljihun manaja. Dokoki uku ne: ba magana, ba fita daga da'irar da aka zana a ƙasa, ba shan ruwa, don ba mai kwance shi ya je bayi. Wanda ya riga shi aikin ya suma sau biyu, aka ce ba shi da juriya, aka sallame shi.

Takardar shaidar karatun injiniyarsa ta shekara shida a ƙasan akwati. A gida ya ce injinan haska fim yake gyarawa.

Can cikin cunkoso ya hango gyalen matarsa. Tana riƙe da Auta, 'yarsu mai shekara biyar, tana tambayar mai gadi wani abu, mai gadin na girgiza kai. Shi suka zo nema.

Aka buɗe ƙofar shiga, mutane suka yi caa. Da turereniyar ta lafa, sai ga Auta ita kaɗai, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Umma! Umma!"

"Auta, tsaya nan!" ya ƙwalla. Muryarsa ta mutu a cikin soso da roba. Ya ɗaga hannu ya yafito ta, motsin ya kunna lasifikar da ke kafaɗarsa, wata murya mai kamar aradu ta ce, "Zan murƙushe birninku!"

Yarinyar ta ƙame. Ta fara ja da baya, bayanta kuma titi ne.

Ya taka layin da'irar ya fito. Kowane taku sai da ya ja ƙafa kamar mai tafiya cikin laka. Yana matsowa tana ƙara ihu, har ta juya da gudu. Wata mota ta ja burki, wata mai sayar da ruwa ta fizgo ta daga bakin kwalta. Shi kuwa ƙafarsa ta harɗe da igiyar wuta, ya tafi gaba ɗaya, tim!

Jama'a suka sa tafi, sun ɗauka wasan ne. Wayoyi suka yi sama.

* * *

A ɗakin ajiya, manaja ya tsuguna yana shafa ƙirjin rigar da ya tsage.

"Ka san daga inda aka kawo wannan? Ka san wahalar da na sha?"

"Ranka ya daɗe, a kwance ni. Ba na iya numfashi."

"Bari in ɗauki hoto tukun, masu kamfani za su tambaya."

Sai da ya ɗauka ta gaba, ya ɗauka ta gefe, sannan ya laluba aljihu. Yana kwance kusoshin yana kallon wayarsa, sai ya fara murmushi.

"Kai, bidiyonka ya watsu fa! Gobe ma ka bi wani yaron, amma kada ka faɗi."

* * *

Da yamma ya tarar da su a tsakar gida. Matarsa ta dubi yadda yake ɗingishi, ta dubi shatin madauri a wuyansa. Ta tashi ta ɗora ruwan zafi.

Auta ta haye cinyarsa, daidai gwiwar da ta kumbura. Bai motsa ba.

"Baba, mun je wurin aikinka ba ka nan. Wani dodo ya biyo ni, zai cinye ni."

"Na ji labari, uwata."

"Da kana nan da ka dake shi, ko?"

"Da na dake shi."

Ta kwantar da kai a ƙirjinsa. Sai ta ɗago tana yatsina hanci.

"Baba, warin roba kake."

Ya dubi ƙofar kicin. Matarsa na tsaye riƙe da buta, ruwan na zuba a ƙasa ba ta sani ba.