Karen Iya

Shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta wajen Gagarawa, dagaci ya raba mazan ƙauyen su Barau gida biyu. Waɗannan su yi mako guda suna jidar ƙasa a kwando, su dawo, waɗancan su karɓa. Diban gwamna ake ce wa abin, kuma ba a tambayar mutum ko yana da uzuri. Barau kuwa uzurinsa ga shi nan zaune a kan tabarma: Iya, mahaifiyarsa, wadda yanar ido ta rufe wa gani ruf. Matarsa Zinariya ta rasu da daminar bara, gida ya rage daga shi sai tsohuwa.

Iya kuma ba ta san zama ba. Ka ce mata ta huta, sai ka tarar da ita tana laluben tsintsiya. Zuwan Barau na farko wurin aikin, ta yi tuntuɓe da murhu ta faɗi, ta yini a kwance tana kira, muryarta ba ta ƙetare danga ba. Larai maƙwabciyarsu, wadda ke kawo mata tuwo safe da yamma, ita ta tsince ta.

"Barau, ni ba ƙi na yi ba," in ji Larai da ya dawo. "Amma ga daka, ga rijiya, ga yara. Da dai akwai mai ƙwala mini kira in wani abu ya faru, ai da gudu zan shigo."

Wannan maganar ce ta kai shi Ɗanzomo, gidan Baba Ilu mafarauci, wanda karnukansa suka yi suna har Maigatari. Barau na shiga idonsa ya sauka a kan wani jan kwikwiyo mai dogayen ƙafafu, ya nuna shi.

Baba Ilu ya yi dariya har da tari. "Kai, yaro! Zomo za ka kama ko tsohuwa za a tsare maka? Wannan in ya girma cinsa ya fi naka, kuma ƙafarsa ba ta san gida ba. Kai baki kake nema, ba ƙafa ba."

Ya ɗauki wata tsohuwar ƙwarya ya sake ta a ƙasa. Kwikwiyoyi suka watse, kowa ya nemi maɓoya, in ban da wani ɗan guntun baƙi mai gajerun ƙafafu. Shi wannan ya tsaya cak, ya buɗe ɗan bakin nan ya dinga haushi kamar an taɓa gadon ubansa.

"Ga naka nan. Irinsu ba sa girma, kuma ƙanzo ma ya ishe shi. Amma buɗe kunnenka, Barau. Kare bai san uwa ba, bai san ɗa ba, hannun da ke ba shi ya sani. Ko loma kada ka ba shi. Kada ka kira shi, kada ka shafa kansa. Tsohuwa ce za ta ciyar da shi, ita kaɗai. In za ka tafi aikinka ka ɗaure shi, sai ka yi nisa sannan a kwance shi."

"Ai wannan mai sauƙi ne, Baba."

"Haka kowa ke cewa," in ji tsohon.

Iya da ta ji abin da aka kawo mata, sai ta yi tsalle ta dire. Kare a gidanta? Ita da ke salla? Barau ya yi ta lallashi, aka yi sulhu a kan cewa iyakarsa gindin danga, ba zai kusanci tabarmarta ko butarta ba, kaskonsa daban. To, amma ka san halin tsofaffi. Ba a yi wata ba ta raɗa masa suna Guntu, tana zaginsa tana zuba masa tuwo. "Ci, ɗan banza, ci! Kai dai ba ka da aiki sai baki." In ta tashi da sandarta yana biye da ita daga nesa kaɗan. Ran da ta doshi murhu da wuta a ciki, ya tsage da haushi, Larai ta faɗo gidan da taɓarya a hannu. Tun daga ranar magana ta zauna a tsakanin gidajen biyu: in an ji Guntu a zo, in an ji shiru lafiya ce.

Da a nan aka tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Makon da Barau ke gida shi ne matsalar. Mutum ne marar yawan magana, kuma tun rasuwar Zinariya kewa ta yi masa katutu. Yakan dawo daga Gagarawa wuya a sage, tafin hannu duk kanta, ya zauna a ƙofar zaure shi kaɗai da akushinsa. Sai ɗan karen nan ya zo ya zauna can gefe, ya karkata kai yana kallonsa. Ba ya roƙo, kallo kawai. Wallahi sai mai taurin zuciya ne zai jure wannan kallon, Barau kuwa ba shi da ita. Ran nan ya waiwaya, ya ga Iya na salla, ya gutsuri tuwo ya miƙa. Loma ɗaya me za ta yi?

Loma ɗaya ta zama ta kullum. Daga loma sai ƙashin kaza, daga ƙashi sai shafa kai, har ya kai yana ba karen labarin helman da ke tsaye a kansu wurin aiki, da yadda Zinariya ke dama fura. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Iya ba ta gani, amma kunnenta garau yake.

"Barau, yaron nan ya rage cin tuwona. Ko ba shi da lafiya?"

"Zafi ne, Iya," in ji shi, kansa a sunkuye.

Bazara ta kama sosai lokacin da makonsa ya sake zagayowa. Da asuba ya ɗaure Guntu a turken akuya kamar yadda ya saba, ya durƙusa ya yi sallama da Iya, ya bi ayari. Karen ya dinga wani irin kuka mai ban tausayi, yana fizgar igiya. Barau ya ji har ya fita gari, bai waiwaya ba.

Sun isa rana ta take, aka miƙa musu kwanduna. Wajen azahar, yana tafe da ƙasa a ka, sai ya ji wani abu na goga masa ƙafa. Ya duba. Guntu ne, harshe a waje, guntuwar igiya da ya tattauna tana lilo a wuyansa, yana kaɗa jela don murna.

Barau ya tsaya cak. Ya tuna da maganar da aka ƙulla: in an ji shiru lafiya ce. Ya saki kwandon a nan inda yake. Helma na daka masa tsawa, yana rantsuwa sai ya kai ƙararsa gun dagaci, ko kallo bai ishe shi ba. Ya sunkuci karen ya rungume, shi da bai taɓa yarda jikin karen ya taɓa rigarsa ba, ya kama hanya da gudu. In numfashi ya ƙare ya yi sauri, in ya dawo ya sake gudu, yashi na ƙona masa tafin ƙafa.

Rana ta yi sanyi ya shigo gari. Larai na ƙofar gidanta tana sheƙar gero.

"A'a, Barau! Lafiya ka dawo? Iya tana nan ƙalau, tun tuwon safe ban ji haushi ba ko..."

Sai idonta ya kai kan abin da ke hannunsa. Ƙwaryar ta suɓuce, gero ya watse.

Tabarma na nan, buta na nan, Iya ba ta nan. A yashin ƙofar gida ga sawunta, ga ɗigon sandarta a gefe, sun fita sun yi gabas, wajen gonaki. Maza suka fito aka bi. Sawun ya miƙe da farko, sannan ya fara karkacewa, ya zagaya wata sabara, ya dawo, ya sake zagaya ta. Wata mata mai itace ta ce ita kam da hantsi ta jiyo murya daga nesa ana "Guntu, Guntu, zo ka ci," ta ɗauka a cikin gida ne.

Guntu ne ya riga kowa. Ya zame daga hannun Barau ya ruga gindin wata aduwa, ya tsaya ya dinga haushi, haushin nan da aka zaɓe shi dominsa, har ana ji a cikin gari.

Iya na jingine da itacen, mayafinta ya zame, leɓunanta sun bushe. Ƙishirwa da rana sun gama aikinsu tun ɗazu. A cinyarta ga kaskon karen, ta rufe shi da gefen zanenta don kada ƙasa ta shiga tuwon.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji mutane. Larai ta ɗora hannu a ka tana kuka, tana cewa laifinta ne, da ta leƙa. Barau ya girgiza kai. Ya durƙusa ya gyara wa mahaifiyarsa mayafi. Sannan ya zare kaskon a hankali daga ƙarƙashin hannunta, ya ajiye a gaban karen.

"Ci," ya ce. "Kai ta kawo wa."

Guntu ya sansana tuwon, bai taɓa ba. Ya zagayo ya zauna a gaban Barau, ya karkata kai yana kallon hannunsa.