Man Gwiwa a Jakar Hajiya Mas'uda

Ni Isha'aku na unguwar Nuzla a Jidda, da ƙafar nan na tako daga Damagaram har Sawakin, na tsallako teku a jirgin katako mai yoyo. Na ɗauki siminti a unguwar Sharafiyya tun rabinta na fili. Ambaliya ta tafi da ɗakina ta bar ni tsaye. Ban taɓa shiga aji ba, amma duk abin da za a gani a duniya idona ya riga ya gani. Haka nake faɗa a majalisa, har ranar da Abdelkader ya kira ni.

Jikan ƙanena ne, yana Kanada, bai taɓa taka Saudiyya ba. Bayan la'asar ya kira, irin kiran da ake ganin fuska.

"Tsoho, har yanzu kana nan kana cinye mana abinci? Duba wurin aikina."

Ya juya wayar. Kanti ne fes, gilashi ko'ina, kwalabe a jere ƙarƙashin fitilu. Wata tsohuwa mai furfura tana layi da sandarta.

"Magani kake sayarwa?"

"Wiwi, Kaka."

Na tashi na tura ƙofa.

"Daina raɗa," in ji shi, yana dariya. "Da izinin gwamnati ne. Ita ke auna ƙarfinsa, ta buga hatimi, ta karɓi harajinta. Yaro ba ya shiga."

Na ga mazaje an fita da su daga lungun nan a kan abin da bai cika tafin hannu ba, wasu har yau ba a sake jin su ba. Ga shi can a kan kanta, tsohuwa na zaɓa kamar turare, mai kanti na mata godiya. Rana ɗaya ce ke haska mu da su. Na zauna ina kallo, shayina ya huce a hannu.

"Ai kai ma na aiko maka," ya ce. "Mansa na shafawa, don gwiwar nan taka. Na ba Hajiya Mas'uda."

Maƙwabciyata ce, 'yar Abeshe, ta je wa ɗiyarta jego can Kanada. A lokacin tana Istanbul, tana jiran jirgin Jidda.

"Ta san abin da ke ciki?"

"Na naɗe shi, na ce saƙon Alhaji ne."

Mu ba ma buɗe saƙo. Haka za ta rungumo shi har gaban masu binciken kaya, iƙamarta ta zaman ƙasar nan da sauran kwanakinta su tafi a kan gwiwata.

Na kira ta. "Hajiya, ƙunshin nan na yaron, yana ina?"

"Ga shi a jakar hannuna."

"Jefa shi shara."

"A'uzubillahi. Amana ce, Alhaji. Ni ban taɓa zubar da saƙon mutum ba, sai hannu da hannu."

Sunan abin kuwa ba zan furta mata a waya ba, tana tsakiyar mutane.

"Yalla, ana kiran jirginmu," ta ce. "In na iso ka zubar da kanka."

"Tsaya. Na wa ne?"

"Naka mana."

"To miƙo mini. Ɗora shi a kan wayar."

"Tsufa ya fara taɓa ka, Alhaji." Na ji motsin takarda. "Na ɗora."

"Na karɓa. Allah ya saka da alheri, amanarki ta sauka, halas, shi ke nan. Yanzu ni ke aikenki: kai mini kayana kwandon shara."

Sai na ji takun takalminta, sai wani abu ya faɗi ƙwal.

"Na kai. Amma kai za ka gaya wa yaron, ba da bakina ba."

Da hantsi na jiyo muryarta ta katanga, tana yi wa jikokinta faɗa sun bar tanki ba ruwa.