Ribas a Kan Ruwa

Ƙanensa ya faɗa ruwa, shi kuma ya sa jirgin a ribas ya koma ɗaukarsa. Kuskuren ke nan gaba ɗaya. Abin bai kai minti guda ba.

Yanzu Baba Direba yana zaune a benci a bakin ɗakin tiyata, wandonsa bai gama bushewa ba. Likitar ta ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu a kan ƙafar ƙanen nasa. Ya tambaye ta ko za ta tsira, ta ce masa ya zauna tukuna. Ya zauna. Matarsa na gefe ta dafe kai, babu mai kallon wani.

Shekara ashirin da takwas ya yi yana tuƙa bas ɗin kamfani, ko madubin wani bai taɓa gogewa ba. Makon jiya ya ajiye aiki, aka ba shi takardar yabo cikin gilashi. 'Yarsa ta ce ba za a bar abin ya wuce haka shiru ba, ta kama musu ƙaramin jirgi mai inji a tafkin bayan gari, inda mutane ke zuwa shan iska ranar hutu. Ita aiki ya riƙe ta. Su uku suka tafi da hantsi: shi, matarsa, da ƙanensa kafinta mai buga rufi, wanda kowa ke kira Ƙusa saboda tsabar rama.

Mai kula da jiragen wani dattijo ne gajere, rana ta gama ƙona shi. Ya dube su ya ce, "In haɗa ku da matuƙi?"

Ƙusa ya kwashe da dariya. "Matuƙi? Baba, ka san wa kake wa magana? Mutumin nan ko akuya aka sa wa sitiyari zai kai ta gida lafiya."

"To ba ni minti goma in nuna masa."

Ya nuna masa. Ga hannun mai, a tura gaba jirgi ya tafi, a jawo baya ribas, tsakiya kuma tsayuwa. Ya ce jirgi ba shi da birki, ko ka sake mai sai ya ci gaba da zamewa. Sannan ya kai shi baya ya nuna masa farfelar da ke ƙarƙashin injin.

"In wani ya faɗa, kada ka koma masa da baya. Zagayo, ka zo masa ta gaba a hankali. Da ka kusa, kashe injin ɗungurungum. Ƙarfen nan bai san ɗan'uwa ba."

Baba Direba yana gyaɗa kai, idonsa na kan ruwa. Haushi yake ji, ana koya masa tuƙi a gaban iyalinsa.

"Na ji," ya ce. "Injin da ya ninka wannan goma na sha fama da shi."

Abin da ke cinsa yanzu a kan bencin shi ne ba zai iya cewa bai ji ba. Kowace kalma ta shiga kunnensa, har muryar dattijon yana iya maimaitawa.

Kuma ba wai shi mai ganganci ba ne. Shi ya hana a tashi sai kowa ya ɗaura rigar hana nutsewa, shi ya ja wa Ƙusa igiyar tasa da hannunsa har ta kama. Ya fita da jirgin sannu a hankali. Sai da suka yi nisa da gaɓa ya ɗan ƙara mai, iska ta bugi fuskarsa, ya ji wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Babu fasinja mai ƙorafi, babu cunkoso, babu rami.

Matarsa ta ƙanƙame kujera da hannu biyu tana salati.

"Matarmu, saki jikinki," in ji Ƙusa. "In tsohon nan ya kifar da mu ni zan fitar da ke, daga nan kin zama tawa."

"Kai? Ai ko iska ta yi ƙarfi sai an ɗaure ka. Je ka ci abinci tukuna."

Ƙusa ya miƙe ya hau bakin jirgin ya zauna, ya ciro waya wai zai ɗauke su hoto.

"Sauko ka zauna a kujera," Baba Direba ya ce.

"Haba Yaya. Ni da ke yawo a kan rufin bene hawa uku?"

Wani babban jirgi ya wuce su can nesa a guje. Igiyar ruwansa ta iso ta daki gefensu, Ƙusa ya tafi ta baya, ƙafafu a sama. Baba Direba ya jawo hannun man zuwa tsakiya, jirgin ya zame ya ɗan yi gaba. Da suka waiwaya ga Ƙusa can yana yawo a saman ruwa, rigar ta riƙe shi, yana tofar da ruwa yana dariya. Lafiyarsa ƙalau. Ya ɗaga hannu yana kaɗawa.

"Direba! Ka bar fasinja!"

Sau dubu nawa ya ji wannan kiran a rayuwarsa? Jikinsa bai jira shawararsa ba. Ya juya kai ta kan kafaɗa, hannu ya ja ribas. Jirgin ya fara komawa sumul, a miƙe, yadda yake ajiye bas a bakin titi ba tare da taya ta taɓa dakali ba. Har ya ɗan ji daɗin yadda ya saita shi.

Da ya ga sun kusa, ya taka birki. Ƙafarsa ta daki katakon ƙasa. Ya sake takawa. Matarsa ta kwarma ihu. Kafin hannunsa ya tuna inda ya kamata ya je, injin ya yi wani gurnani, jirgin ya girgiza sau ɗaya, dariyar ta yanke.

Baba Direba ne ya faɗa ruwan ya turo shi, matarsa ta ja. Dattijon ya iso a wani jirgin, ya ɗaure cinyar da igiya tamau, ya karɓi tuƙin. Har suka isa gaɓa, har aka sa Ƙusa a mota, ko kallon Baba Direba bai yi ba. Da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

Awa biyu suna zaune matar Ƙusa ta iso, goye da jariri, takalmanta ƙafa daban daban. Ko a haka sai da ta rusuna ta gaishe shi.

"Yaya, an ce faɗawa ya yi?"

Matar Baba Direba ta yi saurin tarewa. "Tsautsayi ne, ƙanwata. Wani jirgi ne ya wuce mu a guje, ruwan ya wurgar da shi. Kin san shi da rashin zama wuri ɗaya."

Babu ƙarya a ciki. Zai iya barin maganar a nan, kuma ya san Ƙusa in ya farka ba zai taɓa ƙara komai a kai ba. Matarsa ta taɓa masa gwiwa, alamar ya yi shiru.

"Faɗawar ba ta yi masa komai ba," ya ce. "Dariya ma yake yi. Ni na koma da baya na hau shi da injin."

"Ai ba ku sani ba, Yaya."

"An gaya mini kada in yi. Da safen nan aka gaya mini. Na ce na iya."

Ta dube shi, ita da tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Sannan ta gyara goyonta, ta koma can ƙarshen bencin ta zauna.

Da rana ta fara karkata likitar ta fito, ta sauke abin rufe baki. Ta ce sun tsayar da jinin, a yanzu ransa ba ya cikin haɗari. Amma ƙashin ya dagargaje, jijiyoyin sun tsinke, babu abin da za a ɗinka. In aka bar ƙafar za ta tafi da shi. Tana buƙatar wani nasa ya sa hannu yanzu a yanke ta. Ta miƙa wa matar Ƙusa takarda da biro.

Matar ta karɓa, ta daɗe tana kallon takardar. Ta tashi ta zo gaban Baba Direba, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ku ne babba, Yaya," ta ce. "Ku ƙarasa."

Ya karɓa. Ya ɗora takardar a gwiwarsa, ruwan wandon ya jiƙa gefenta. Ya rubuta sunansa a inda likitar ta nuna masa da yatsa.

An yanke ƙafar dama, daga ƙasan gwiwa. Shekarar Ƙusa arba'in da ɗaya, 'ya'yansa huɗu, ƙaramin bai kai yaye ba.