Rabin Ƙwarya da Sulusi

Saura kwana goma a fara jarrabawar zango na uku Hajiya Maimuna, shugabar ƙaramar sakandaren 'yan mata da ke kan hanyar Burumburum, ta aika a kira mata Malama Furera. Furera Hausa take koyarwa, shekararta huɗu ke nan a makarantar. Ta tarar da Hajiya tsaye bakin taga da takarda a hannu, ko wurin zama ba ta nuna mata ba.

"Furera, kin san tun da aka yi wa Malam Munir canjin wurin aiki, yau sati bakwai, 'yan aji ɗaya ba su ga malamin lissafi ba. Sau uku ina rubutawa a turo mana wani, shiru. To ga takarda ta zo. Bana daga ofishin shiyya za a kawo tambayoyi, kuma duk yarinyar da ta faɗi lissafi maimaita aji za ta yi."

"Innalillahi. To Hajiya, wa zai shiga musu?"

"Ke."

Furera ta yi dariya, ta ga Hajiya ba ta taya ta ba, sai ta kama bakinta. "Ranki ya daɗe, ni da sai a zama na uku na ci lissafi, shi ma da ƙyar da jiɓin goshi?"

"Mu shida ne a makarantar nan har da ni. Ke kaɗai ce ba ki da aji da safe. Kin kuma san mutanenmu: yarinya in aka ce ta maimaita, sai uba ya ce ashe ba ta ganewa, ta zauna ta taya uwarta aiki. Su hamsin da takwas ne. Ki yi abin da za ki iya."

Littafin lissafi ɗaya ne a makarantar. Ruwan farkon damina ya tsiyayo ta rufin ofis ya jiƙa shi, shafukan tsakiya sun manne da juna, in an ɓamɓare sai rubutun ya bi ɗaya gefen. Furera ta duba jerin abin da Malam Munir bai kai ba. Na farko shi ne lissafin rabi da kwata da sulusi, irin mai lamba a sama da lamba a ƙasa, kuma shafukansa suna cikin waɗanda suka lalace. Ta zauna ta yi ta laluben ƙwaƙwalwarta, har ta ga kamar ta tuno yadda ake yi: a haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Abin ya zo mata da sauƙi har ta yi hamdala.

Ranar Talata ta shiga aji. Da yake ta iya sa yara hadda, sai ta mayar da dokar waƙa. "Sama da sama, ƙasa da ƙasa!" Yara suna tafi suna amsawa. Da ruwa ya sauko, ƙarar kwanon rufi ta hana a ji muryarta, sai ta riƙa nuna allo da sanda suna rerawa. Kafin a tashi, ko wadda ta fi kowa barci a aji ta iya.

Ranar Laraba ta rubuta ɗaya bisa biyu a haɗa da ɗaya bisa uku, ta ba da amsa biyu bisa biyar. Sai wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu. Bahijja ce, 'yar makiyaya daga rugar da ke ƙetaren rafi, doguwa, ba ta cika magana ba.

"Malama, ɗaya bisa biyu shi ne rabi ko?"

"Shi ne."

"Ɗaya bisa uku kuma sulusi. To ni in na zuba nono rabin ƙwarya, na ƙara sulusi, ƙwaryar kusan cika take yi. Wannan biyu bisa biyar ɗin kuwa, Malama, ko rabin bai kai ba."

Furera ta kalli allon, ta ga kamar da gaskiya a maganar, amma ta tuna saura kwana takwas, ga darasi uku ba ta ko taɓa ba, ga idanun yara hamsin da 'yan kai a kanta.

"Nan aji ne, ba wurin tallan nono ba," ta ce. "Zauna ki rubuta abin da ke kan allo."

Yara suka kwashe da dariya. Bahijja ta zauna, ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska. Alhamis ba ta zo ba, Juma'a ma haka. Furera ta lura da gurbinta, ta ce a ranta ruwa ne ya cika rafi, ta ci gaba da ba yara aiki, tana maka musu jan biro na daidai.

Ranar Asabar da hantsi ta hau mota zuwa Tudun Wada wurin kawunta Malam Sabo, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Darasin gaba ta je ya nuna mata. Bayan sun gaisa ta durƙusa ta miƙa masa littafin da take shirya darasi. Ya sa tabarau, ya buɗe daga farko, ya tsaya a shafi na biyu ya daɗe.

"Furera, wannan wa ya rubuta?"

"Ni ce, Kawu."

"Kin koya musu?"

"Kwana huɗu. Sun ma haddace."

Ya cire tabarau ɗin ya ajiye. Bai yi faɗa ba. Ya sa ta zaro kara ɗaya daga dannin gidan, ya kakkarya shi gida shida daidai, ya jera a kan tabarma. "Rabin wannan nawa ne?"

"Uku."

"Sulusinsa fa?"

"Biyu."

"Haɗa."

Ta haɗa. Biyar cikin shida, saura ɗaya kara ya cika. Maganar Bahijja ta dawo mata kalma-kalma, da dariyar yara, da tata muryar. Ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka.

"Kawu, na kashe su. Da ban shiga ba, da sun bar wurin fayau, ko canki-canka su yi. Yanzu da ƙarfinsu za su rubuta ba daidai ba. Ka taimake ni ka zo ka gyara, ko kwana ɗaya ne."

"Ni da ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe ni? Share hawayenki, lokaci yana tafiya. Ɗauko wani karan."

Har la'asar suna karya kara. Ya nuna mata yadda ake nemo lambar da na ƙasa biyu za su shiga cikinta, ya ba ta misali ashirin, ta kasa bakwai na farko, ya sa ta sake. Da ta tashi tafiya sai ta kira Hajiya Maimuna a waya ta gaya mata komai. Hajiya ta yi salati, sannan ta ce, "Kada ki ce musu kuskure kika yi. Ki ce wata hanya ce ta biyu. In iyaye suka ji, da wane ido za mu kalle su?"

"Hajiya, in na ce hanya biyu ce, mai sauƙin za su ɗauka. Dole in ce ƙarya ce."

Hajiya ta ce, "Allah ya rufa asiri," ta kashe wayar.

Lahadi da safe Furera ta nufi ruga. Ɗan acaɓa ya sauke ta a bakin rafi ya ce iyakarsa ke nan. Ta cire takalma, ta tattare zani, ruwa har cinya, laka tana riƙe mata ƙafa. Ta tarar da kakar Bahijja, wadda kowa ke kira Inna, tana wanke ƙore a gindin bishiya. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi shanu da damina, sannan ta faɗi ko ita wace ce.

"Ke ce malamar da ta ce jikata 'yar talla ce?" Inna ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Ni ce, Inna. Kuma ita ce da gaskiya, ni ce ban sani ba. Na zo ba ta haƙuri."

Sai a lokacin tsohuwar ta dube ta, tun daga kai har zuwa lakar da ke ƙafarta. Ta ƙwala kira. Bahijja ta fito daga bukka ta tsaya nesa.

"Bahijja, ki yafe mini. Lissafinki ne daidai. Gobe zan faɗa a gaban kowa, kamar yadda na ci mutuncinki a gaban kowa. Ina roƙonki ki zo, ki kuma zo mini da ƙwarya."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Inna ce ta ce, "Babba ya ƙetaro ruwa ya ba ki haƙuri, me kuma kike jira? Za ta zo."

Litinin aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara talatin da ɗaya kaɗai suka iso, a jiƙe. Sauran, wasu rafi ya tare su, wasu an tsayar da su kai abinci gona don ana tsakiyar noma na biyu. Furera ta tsaya a gaban allo.

"Abin da na koya muku satin da ya wuce ba daidai ba ne. Waƙar nan ƙarya ce. Ni na yi kuskure, Bahijja ta gyara mini, na ƙi ji. Ku buɗe littattafanku ku soke duka."

Ba wadda ta motsa. Wata ta ce a hankali, "Malama, har wanda kika ba mu goma bisa goma?"

"Har shi."

Bahijja ta fito ta tara ƙwarya a bakin indararo, ta zuba rabi, ta ƙara sulusi, ta zagaya da ita benci-benci kowa ta leƙa. Furera ta raba kara, kowane benci suka kakkarya. Suka gane a hannu, amma da zarar an koma takarda sai leɓɓansu su fara motsi, waƙar ta dawo. Ta yi lallashi, ta yi tsawa, ta hana su fita hutun tara. Talata muryarta ta dishe. Ta raba waɗanda suka gane, kowace ta ba ta sunan maƙwabciyarta da ba ta zo ba, ta ce ko a bakin rijiya suka haɗu ta gaya mata a bar waƙar nan. Laraba yara arba'in suka zo, tara daga ciki sai an faro musu daga tushe. Darussa ukun da suka rage kuwa, ɗaya kawai ta samu ta taɓa, shi ma sama-sama.

Ranar Alhamis duk hamsin da takwas suka hallara, don ba mai wasa da ranar jarrabawa. Furera ta tsaya a ƙofar aji tana tare su ɗaya-ɗaya da disasshiyar murya: "Ba sama da sama ba ne! Ki fara daidaita na ƙasa!" Waɗanda ba su zo gyara ba suka riƙa kallonta kamar ta zautu. Malamin da aka turo daga wata makaranta don sa ido ya ce, "Malama, lokaci ya yi, a ba mu wuri."

Ta koma bayan taga. Daga nan tana hango takardar tambayoyi a kan bencin farko: cikin tambaya goma, huɗu na wannan lissafin ne. A bencin akwai Rufaida, yarinyar da ta zo ta ɗaya a zango biyu da suka wuce, wadda zazzaɓi ya kwantar tun Asabar, sai yau ta fito. Furera tana kallo yarinyar ta yi murmushi don ta ga abin da ta iya, tana kaɗa kai a hankali, ta rubuta amsoshin nan huɗu cikin tsabtataccen rubutunta, duka ba daidai ba. Furera ta buɗe baki, mai sa ido ya ɗago ya kalle ta. Ta juya ta tafi bayan ajujuwa, ta dafa bango, ta daɗe a wurin.

Bayan sati biyu sakamako ya fito. Yara goma sha tara suka ci, Bahijja a cikinsu. Da aka ga faɗuwar ta yi yawa a makarantu da dama, aka sassauta makin ci, amma duk da haka goma sha huɗu za su maimaita. Maki uku ya hana Rufaida wucewa. Furera ta roƙi Hajiya, Hajiya ta ce takardun ba a hannunta suke ba, ta dai rubuta bayani ta aika, ba a amsa ba.

Hutun nan Furera ba ta huta ba. Gida goma sha huɗu ta bi ɗaya bayan ɗaya, tana durƙusawa gaban iyaye tana faɗin magana ɗaya: yarinyarku ba daƙiƙiya ba ce, ni na koya mata ba daidai ba. Wasu suka ce ba komai, ƙaddara ce. Wata uwa ta zage ta tas har bakin zaure. Mahaifin Rufaida, Malam Ismail, ya saurare ta a bakin gonarsa yana dogare da fartanya har ta gama.

"Malama, na ji, kuma na gode da kika faɗi gaskiya. Amma yarinyar nan tun da aka kawo sakamako ba ta cin abinci. Ta ce ba za ta zauna aji ɗaya da ƙannenta ba. Ni ban hana ta ba. Tana gida, ki je ki gwada."

Ta je gidan. Rufaida ta gaishe ta da ladabi, ta kawo mata ruwa, ta zauna kanta a sunkuye. Duk abin da Furera ta ce, sai ta amsa da "To, Malama." Sau uku Furera tana komawa gidan.

Da aka koma makaranta, tara daga cikin goma sha huɗun suka dawo. Furera ta ƙi cire sunan Rufaida daga rajista, kullum da safe sai ta kira shi. A sati na huɗu wata maƙwabciyarsu ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ta tafi Kiru wurin gwaggonta, tana koyon ɗinki." Furera ta riƙe biro a kan sunan na ɗan lokaci, sannan ta kira na gaba.