Sunan Jikar Baba Usuman

Mu Hausawan unguwar Bani Malik a Jidda, abin da bai fito a guruf ɗin WhatsApp ba, to bai faru ba. Ko mutuwa ka yi, sai an sanar za a yarda.

Rigimar siyasa ta raba guruf ɗin biyu, na 'yan Sudan da na 'yan Najeriya. Baba Usuman tela ya rasa gurbi. A Sudan aka haife shi kan hanyar hajji, ubansa Bakatsine, shi kuma a Jidda ya yi furfura. 'Yan Sudan suka ce ya tafi gun 'yan Najeriya, 'yan Najeriya suka ce ai ɗan Sudan ne.

Ana haka 'yarsa Rahma ta haifi 'ya mace, suna ranar Juma'a. Tsohon nan ya bi gida gida yana gayyata. Kowa ya yi masa barka, sannan ya ce, "Sai mun gani a guruf, Baba."

Sai ga Dakta Zaharadden, malamin jami'a mai bincike kan asali da rikici a zamanin waya. Da ya ji labarin, har rawar jiki yake.

"Baba, irinka muke nema a duniyar ilimi. Kai ba nan ba, kai ba can ba."

"Ni dai a zo a ci shinkafa nake so," in ji Baba Usuman.

Dakta ya roƙi shugabannin guruf biyun kada su karɓi tsohon sai ya kammala bincike. Su da ba sa ga maciji da juna, ranar nan bakinsu ɗaya: halas, sun yarda. Ya buɗe wa Baba guruf na uku, mutum biyu a ciki, shi da shi. Baba ya tura gayyata, Dakta ya amsa da hoton babban yatsa.

Ran Juma'a aka yanka rago, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Wallahi abin ya ba ni haushi, ba wanda ya leƙo. Dakta kaɗai ke tsallaken titi da kyamara.

Da la'asar Baba Usuman ya ciko faranti ya tsallaka masa da shi.

"In na ci na ɓata bincike, Baba."

"Ko loma ɗaya, ɗana. In yarinyar nan ta girma ta tambaye ni wa ya zo sunanta, in samu wanda zan ambata."

Dakta ya ce ya ɗan ɗaga farantin sama, haske bai isa ba. Tsohon ya ɗaga.