Aboki Koshon

Duk mai riƙe da waya a birnin Abidjan, daga unguwar Adjamé zuwa Treichville, ya san Aboki Koshon, mutumin nan da ba ya ɗora komai a Facebook sai hotunan aladu. Wasu sun ɗauka ɗan iska ne mai neman magana. To ba haka ba ne. Sunansa Nomau, Ba'adare ne haifaffen Abidjan, mahauci ɗan mahauci, kuma ko da wasa naman alade bai taɓa shiga bakinsa ba. Son su kawai yake yi, tun bai san hagu da dama ba.

Gidan hayar da aka haife shi a Adjamé Saint-Michel, katanga ɗaya ce tsakaninsu da Tanti Akissi, wata 'yar ƙabilar Bawule mai kiwon aladu a bayan ɗakinta. Akwai wata kafa a gindin katangar. Wata rana Nomau ya zura hannu, sai wani hanci mai danshi ya sunsune shi daga can ɓangaren. Shi ke nan, yaro ya kamu. Ubansa ya zane shi da igiyar ɗaure rago har ta tsinke, uwarsa ta dirje masa hannu da ƙasa da sabulu har fata ta yi ja. Dukan bai cire komai ba, ɓoyo kawai ya koya masa.

Ya girma, ya gaji teburin ubansa a layin mahauta na kasuwar Treichville, ya gaji wuƙarsa mai ƙotar ƙaho. Amma duk yammacin Lahadi sai ya ajiye wuƙa a gida, ya sauya riga, ya hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Adjamé da ƙunshin ɓawon rogo. Abin ƙaunarsa a wurin Tanti wata farar alade ce mai baƙin tabo a kunne, wadda uwarta ta ƙi shayarwa, shi ya raine ta da kwalbar madara. Ya sa mata suna Gimbiya. Da ya sosa mata ciki sai ta zube kamar buhun gero, tana gurnanin daɗi.

"Matarka ta san tana da kishiya a nan kuwa?" Tanti kan tsokane shi.

"Tanti, rufa mini asiri. In layinmu suka ji, ko ƙashi ba mai sake saye a wurina."

Sai mai gidan su Tanti ya sayar da filin. Tsohuwa ta sayar da aladunta, ta bar Gimbiya kaɗai za ta tafi da ita ƙauye, motar garinsu kuwa a bayan kasuwar Treichville take lodi. Mai keken kayan da ta ɗauka ya ɗaure Gimbiya a wuya kamar tunkiya. Ina alade ina wuya? Keken na faɗawa wani rami a bakin kasuwa, igiya ta zame ta kai, Gimbiya ta dira ƙasa. Ƙarar motoci ta firgita ta, ta faɗa ƙofar da ta fi kusa, ƙofar nan kuwa ta layin mahauta ce.

"Alade! Alade a cikin nama!"

Kasuwa ta hautsine. Mata suka watsar da kwanduna, wani ya haye tebur da takalmi. Gimbiya ta bangaje teburin farko, cinyar saniya ta faɗo ƙasa, ta tattake ta ta wuce. Wani ƙato ya yi kukan kura ya kamo ƙafarta, ta juyo ta kafta masa cizo a ƙwauri, jini ya yi tsartuwa har kan sikeli. Nan fa samari suka zaro wuƙaƙe.

Baba Abdulƙarim, sarkin fawan layin kuma ƙanen mahaifin Nomau, ya daka tsawa: "Kada wanda ya sa mata wuƙa! Wuƙar da ta taɓa ƙazantar nan ta gama aiki a kasuwar nan, ita da mai ita!"

Aka mayar da wuƙaƙe kube, aka ɗauko abin da ba a yanka da shi. Itacen rumfa, ƙafar benci, duwatsun awo, bulo. Suka yi mata zobe. Dukan farko ya sauka a gadon bayanta, ta ƙwalla wata ƙara irin ta jariri. Na biyu ya fasa mata ido. Wani ya ɗaga bulo da hannu biyu ya sauke a ƙugunta, aka ji ƙas, ƙafafun baya suka saki. Tanti Akissi ta iso a guje zani na faɗuwa, tana roƙo da Faransanci da Bawule, aka hankaɗe ta ta faɗa cikin kwata. Kai, ɗan Adam in ya samu taro ba shi da kyan gani! Layi cike da mutanen da ke kwantar da bijimi cikin ƙiftawar ido, ga su suna kashe dabba kaɗan-kaɗan kamar masu sussukar dawa.

Nomau na tsaye a bayan teburinsa. Kowane duka a jikinsa yake jin sa, amma tsoro ya ɗaure masa baki. Idan ya motsa, teburin ubansa ya tafi. Ya runtse ido yana fatan ta mutu da wuri.

Ba ta mutu ba. Ta ɗaga hancin nan da ya farfashe, ta shaƙi iska, ta gane shi. Sai ta fara jan jiki da ƙafafun gaba, tana barin sawun jini a siminti, ta ratsa tsakanin ƙafafun mutane har gaban teburinsa. Ta ɗora hancinta a kan ƙafarsa.

"Nomau, ja da baya!" in ji Baba Abdulƙarim. "Kai, ku kawo ruwan zafin nan na gyaran kawunan dabbobi!"

Da Nomau ya hango mutum biyu sun kinkimo tukunya tana tururi, sai wani abu ya tsinke a ƙirjinsa. Ya durƙusa cikin jinin, ya kai hannu ya sosa mata ciki. Duk da karyayyen baya, Gimbiya ta mirgina ta kwanta, kamar kowace Lahadi. Ya shafa ƙashin bayan, ya san ba ta tashi. Ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauko wuƙar ubansa.

"Ɗana, kada ka yi! Nomau, ina yi maka magana!"

"Baba, ka yi haƙuri."

Hannun da ya yi shekara da shekaru yana yanka ba ya shawara da mai shi. Kafin Nomau ya ankara ya juya ta ta fuskanci gabas, ya dafe haɓarta, bakinsa ya furta da ƙarfi: "Bismillahi, Allahu akbar." Ja ɗaya ya yi. Ta shure, ta yi shiru.

Sai wani ya ce, "Kun ji abin da ya faɗa? Sunan Allah a kan alade!"

Sandunan da ba su gama hucewa ba suka dawo kansa. Ƙafar benci ta same shi a baki, haƙora suka zubo. Ya kare kai da hannu, dutsen awo ya karya hannun. Suka kifar da teburinsa, suka tattake naman, suna ihun wa ya san abin da ya daɗe yana ciyar da mutane. Da ƙyar Baba Abdulƙarim ya faɗa kansa ya rufe shi da babbar rigarsa, yana kuka yana zagi. Da aka lafa, tsohon bai yarda ya taɓa wuƙar ɗan'uwansa da hannu ba. Da bakin sanda ya tura ta cikin kwata.

Wata mai sayen nama ta ɗauki komai a waya. Kafin la'asar bidiyon ya zagaye Abidjan, an rubuta a samansa: Aboki Koshon. Aboki shi ne abin da 'yan gari ke kiran kowane Bahaushe, koshon kuwa alade ne da Faransanci.

Nomau bai sake riƙe wuƙa ba, hannun ma bai koma daidai ba. Yanzu lodin kaya yake yi a wata tasha a Adjamé, danginsa da yawa ba sa amsa sallamarsa. Tun yana kwance da filasta ya ɗauki waya da hannun hagu, ya goge sunansa a Facebook, ya rubuta wanda suka laƙaba masa. Hoton farko da ya ɗora na Gimbiya ne tana ƙarama, kwalbar madara a bakinta.

Zagi kam kullum yana shan sa a ƙarƙashin hotunan, ba ya tankawa. Sau ɗaya ya taɓa amsawa, ranar da wani ya rubuta: "In da gaske kana son ta, me ya sa ka yanka ta?"

Nomau ya karanta tambayar. Sannan ya rubuta: "Wurina ta zo."